Tsakanin Katsina da Maraɗi: Ina Talaka Ya Fi Samun Barci?

Idan samari suka tayar da gardamar wace ƙasa ta fi ci gaba tsakanin Nijeriya da Nijar, ba a daɗewa ake tashi, domin wanda ya ɗauki Nijeriya yana da hujja har ta yi masa yawa. A shekara ɗaya ƙasashen suka sami 'yancin kai, Nijar ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ran 1 ga Oktoba, amma ba da guzuri ɗaya suka kama hanya ba. Nijeriya ta tashi da bakin teku, da layin dogo da ya iso Kano tun 1911, da man fetur da aka fara fitarwa waje a 1958, kuma a 1962 aka buɗe jami'a a Zariya. Nijar kuwa ba ta da teku, mafi yawan ƙasarta hamada ce, jami'ar Yamai ma sai bayan 1970 aka kafa ta. A rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 zuwa 2020, Nijar ce ta ƙarshe cikin ƙasashe 189 wajen jin daɗin rayuwar al'umma. Duk wannan gaskiya ne, ba ni da ja. Sai dai ni da aka haifa a ƙasar Jibiya, dangin uwata kuma suna ƙauyukan Madarumfa, na tsufa ina ganin wannan lissafi bai amsa tambayar da ta fi damun talaka ba.

A fara da sanin cewa mutum ɗaya aka raba biyu. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na da suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa mulki a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Gobirawa ma haka suka kafa Tsibiri. Iyakar da ke tsakaninmu a Turai aka zana ta: a 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tabkin Chadi, suka sake shi a 1898, sannan Faransawa suka koka cewa rabonsu ba shi da rijiyoyin da ayari zai sha a hanyar Damagaram, aka sake matsa layin a 1904 da 1906. Abin da ya hukunta ƙasar da kakan mutum zai biya wa haraji ke nan, ruwan shan sojojin wani. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Gero ɗaya muke shukawa, Hausa ɗaya muke yi, damina ɗaya ke sauka a kanmu. Saboda haka bambancin da aka gani tsakanin ƙauyen nan da na can ba daga jini ya zo ba, ba kuma daga ƙasar noma ba. Daga hannun da ya riƙe mulki ya zo.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ni kuma rayuwa ta nuna mini cewa hukuncin talaka a kan gwamnati ma a ƙafa yake. Ba ya rubuta takarda, ba ya zuwa taro. Idan zama ya gagara sai ya ɗaura kaya ya nufi inda yake jin sauƙi. A zamanin kakanninmu ƙafa kudu take yi. Mutanen Faranshi, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijar, suna gudun aikin tilas da kamun soja, wani lokaci unguwa guda ta tsallako Ingilishi, wato Nijeriya, cikin dare da awakinta. Ba don Bature na nan ya fi tausayi ba, shi ma yana karɓar haraji da jangali, amma bulalar can ta fi zafi, kuma ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai a 1946.

Da ƙuruciyata ma kudu ake yi. Farin 1973 ya cinye dabbobin makiyaya, yunwa ta shiga, har sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka hamɓarar da Diori Hamani a Afrilun 1974. A daidai lokacin kuma kuɗin mai ya ɓarke a Nijeriya. Aka yi ƙarin albashin Udoji, malamin makaranta ya sayi babur da rediyo a wata ɗaya. 'Yan'uwanmu na arewa suka cika Kano da Kaduna da Legas: masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu shayi, masu yankan farce. Mai naira ɗaya a aljihu yana iya canza ta da ɗaruruwan sefa. Wannan yalwa ta sa wa mutane da yawa girman kai, har ɗan baffanka da kuka sha nono a tsakar gida ɗaya ya zama abin zolaya don ya fito daga can. Nijar ma ta ɗan ɗanɗana nata daɗin, domin an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi ya shigo, aka yi gine-gine a Yamai. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1980 farashin mai da na yuraniyom duk sun faɗi, ƙasashen biyu suka wayi gari da bashi, manomin da aka manta da shi yana nan inda aka bar shi.

Shekarar 1984 ba ta fita raina. Gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka a watan Afrilu don canjin kuɗi, ga kuma fari ya sake dawowa. Hatsin da ya saba hawa arewa ya tsaya. Har yau tsofaffin Nijar suna kiran wannan yunwa El-Buhari, da sunan shugaban waccan gwamnati. A nan na fara gane cewa umarni ɗaya da aka sa wa hannu a Legas yana iya kashe wutar murhu a ƙauyen da mai sa hannun bai taɓa jin sunansa ba.

Maganar kuɗi ta juya tun daga nan. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, mutanen can suka ji jiki, amma daga bisani ta tsaya wuri ɗaya domin an ɗaure ta da kuɗin Turai. Naira kuwa tun gyaran tattalin arziki na 1986 take gangarowa, har a 2024 jikar sefa guda ta haura naira dubu biyu. Yaron da ya zo cin rani Kano yanzu, idan ya canza abin da ya tara a bakin iyaka, sai ya riƙe baki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne maganar yara. A wani ƙauyen dangin uwata akwai ɗan ɗakin shan magani mai ciki biyu, ma'aikaci ɗaya, da sikeli rataye a jikin ƙofa. Na ga mata sun yi layi da goyo tun hantsi. Yana ɗaura wa kowane yaro wani ɗan zare mai launi uku a dantse. Idan ya nuna ja, ya san tamowa ta kama, sai ya tura uwar babban asibiti. Ba a karɓi ko dala a hannunsu ba, domin tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka awon ciki. Tsarin yana da ramuka: gwamnati takan yi jinkirin biyan asibitoci, magani ya yanke, a koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Duk da haka, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijar, masu mutuwa kafin shekara biyar sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Binciken lafiya na Nijeriya na 2018 kuwa, kusan shekara goma bayan haka, ya nuna 187 a shiyyar Arewa maso Yamma, wato mu. Ƙasar da aka ce ita ce ta ƙarshe a duniya ta tsirar da 'ya'yanta fiye da yadda muka tsirar da namu, mu masu rijiyoyin mai. Har yau uwaye daga ƙauyukan Katsina suna tsallakawa Ɗan Isa da Madarumfa da yara masu tamowa. Nijeriya gidan attajiri ce mai rumbuna cike, amma ɗakin da ke can ƙurya akushi ba ya isa gare shi. Wanda ya tsaya a ƙofar gida yana ƙirga rumbuna ba zai san da wannan ba.

Sai itatuwa. Wanda ya san gonakin Maraɗi bayan farin 1984 ya san fili ne fetal, iska na kwashe shuka da rairayi, a shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. A lokacin itace na gwamnati ne, manomi bai isa ya sare reshe a gonarsa ba sai ma'aikatan gandun daji su ci shi tara, don haka ba wanda ya damu ya raini tsiro. Da aka sassauta wannan doka, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai aka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne. Idan kututture ya yi toho, maimakon a sassabe shi duka, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Cikin 'yan shekaru gona ta cika da gawo da kalgo da sabara. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da aka farfaɗo da su haka a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Mu a nan mun sha bikin dashen itace, manya su zo da jerin motoci, a dasa, a yi hoto, a tafi, kafin kaka awaki sun gama da shi.

Kada wani yaro ya ji wannan ya ɗauka Nijar aljanna ce. Yarinya a can ta fi tamu saurin barin makaranta, cikin huɗu uku ana aurar da su kafin shekara 18. Yawancin ƙauyuka ba su san lantarki ba. An yi yunwa mai tsanani a 2005 a tsakiyar Maraɗin nan. Sojoji sun karɓe mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Difa da Tilaberi sun sha jini. Mai jari da mai neman ilimi mai zurfi har gobe ya fi samun fili a Nijeriya, kuma waken Nijar da albasar Galmi da shanunta kasuwarsu tana Dawanau da Maigatari da Illela.

Amma a 2019 na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: ƙafa ta juya arewa. Dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu daga 'yan bindiga suka faɗa ƙauyukan jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji da kewaye, talakawan can suka raba musu ɗan geron da ke rumbu. Wani ɗan ƙanwata yana cikinsu, ya bar gona da shanun huɗa. Da na je duba shi na tarar da shi a bukkar zana, na ce, "Ɗana, yaushe za ka koma gida?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a can ina da hatsi amma a daji nake kwana da iyalina. Nan ko da kunu muka sha, ido yana rufuwa." Na rasa abin da zan ce masa. Daga baya ma 'yan bindigar sun riƙa tsallakawa can ɗin, amma a ranar maganarsa ta fi duk wani rahoto nauyi a wurina.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, aka kuma rufe iyaka. Yamai ta shiga duhu, magani ya yi tsada a Maraɗi. Mu ma ba mu tsira ba: kasuwar Jibiya ta mutu, motocin kaya suka yi layi kayan gwari na ruɓewa a ciki, direbobi da 'yan dako suka zauna hannu rabbana har zuwa Maris 2024. Da aka fara maganar tura soja, sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka ce a'a, domin sun san wanda za a harba a can yana da kawu a nan.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aikin da aka ƙaddamar a 2021. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zai fara tafiya. Fataken da nake zama da su ba tsawon layin suke tambaya ba. Suna so su ji nawa za a ɗauki buhun wake daga Maraɗi zuwa Dawanau, kuma ko masu kakin da ke tare su a shinge bayan shinge a kan titi za su biyo su har tasha.