Montaj a salula: almakashi ne farkon darasi

Da yawanku kun yi ta tambaya ta yaya muke haɗa ƴan bidiyoyin da muke saka muku, har wasu matasa sun ce su ma suna son su koya. To ga abin da muka gano, mu da muka fara da salula kawai, babu kwamfuta, babu malami sai abokan fada.

Manhajojin da aka fi amfani da su nan wajenmu su ne CapCut, KineMaster da InShot. Kowace ka ɗauka za ta yi maka aiki, sai dai KineMaster ta kyauta tana manna tambarinta a kusurwar hoto. Da ka buɗe, abin da ke fara jan ido shi ne ado: rubutu mai tsalle, hoto mai juyi, kiɗa iri-iri. Duk ka ƙyale su tukuna. Aikin yana can ƙasan allo, a dogon layin nan da bidiyonka ke shimfiɗe a kai. Ka tsayar da sandar inda kake so, ka raba, ka goge abin da ba ya da amfani, ka sake raba. Zamanin su Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa, da Oumarou Ganda, faifan fim ɗin kansa ake yankewa a liƙa da hannu. Yau yatsa ke yi, amma yankan dai shi ne sana'ar.

Sai sauti. Mun san ku: da yawa kuna sauraro ne salula na cikin aljihu, ko kuna bisa kabu-kabu, ko ana dafa shayi. Hoto mai duhu ana haƙuri da shi, amma muryar da iskar hunturu ta cinye, ba mai tsayawa. Ka matsa kusa da mai magana, ka juya wa iska baya, ka nisanci janareto. In za ka sa kiɗa, ka sauke shi ƙasa sosai, don a ji tsohon da ke bayani.

Tun wajen ɗauka ka yanke shawara: a tsaye, 9:16, na TikTok ne da status, a kwance, 16:9, na YouTube. Wajen fitarwa kuma 720p ya isa. Minti ɗaya na 1080p yakan kai mega 100 ko fiye, ga forfe da tsada, ga rezo na wasa da mutane. In abokin aiki za ka aika wa ta WhatsApp, ka aika a matsayin dokima, in ba haka ba zai matse shi hoton ya dushe.

Duk waɗannan mako biyu sun isa a iya su. Wanda ke ɗaukar lokaci shi ne sanin inda bai kamata a yanke ba. A ce ka je ƙauye bayan girbi, manomi ya ce maka: “Bana hatsi ya yi kyau a gonakin da suka samu ruwa, amma mu nan tsutsa ta cinye, ko tiya hamsin ban samu ba.” Bidiyonka ya yi tsawo, kana neman rage daƙiƙa goma. Ka yanke daidai kan “amma”, sai ga bawan Allah yana shaida wa duniya cewa bana an ƙoshi. Muryarsa ce, fuskarsa ce, ba ka ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Gobe mutanen garinsu su tare shi a ƙofar masallaci, me zai ce musu? Kai kana birni, shi ne zai kwana da maganar.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma, dabarar da ake koya wa kowa don ɓoye tsallen hoto, wato ka ɗora hoton rumbu ko na gona bisa wurin da ka yanke, ita ce ke sa mai kallo ba zai taɓa sanin an cire wani abu ba. Dabara ce mai kyau in tari ko “eh, to” ka cire. In rabin zancen mutum ne, wallahi wannan cin amana ne, ko da bidiyon ya fi daɗin kallo.

Shi ya sa a nan, kafin mu saki bidiyo, sai wanda ya halarci hirar ya saurare shi ido rufe, ya ce mana ko haka mutumin ya faɗa. Asalin ɗaukar kuma ba ma goge shi, ko salula ta cika. Muna kwashe shi cikin katin memori, mu rubuta sunan gari da rana a kai.