Ragar gaban akori-kura

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta gona manne take da gona. Hanyar da mota za ta bi ta kwaso amfani sau da yawa burtali ce, shinge dama da hagu. Da kaka, in an sare gero da dawa, duk karan da ya gitta da tsakuwar da ta yi tsalle, ragar nan ta gaban mota suke fara samu. Ita ke tare wa lagireto duka. Kara ɗaya ya isa ya huda lagireto, ruwa ya tsiyaye, inji ya ɗau zafi, buhunan da aka yi niyyar kaiwa kasuwar Dawanau su kwana a gona.

Shi ya sa nake tsayawa in duba ragar tsofaffin Peugeot masu buɗaɗɗen baya. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. A Turai irin waɗannan motoci sun zama na ado, ana goge su a kai wajen baje koli. A nan kuwa wadda ta rage da rai tana nan tana dakon taki da gyaɗa da awaki.

Ragar 404 ta ƙarfe ce, kuma abin da ya cece ta ke nan. Ta roba, irin wadda aka koma yi daga baya, rana ke busar da ita, ta tsage, sai dai a ɗaure da waya ko a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wata. Ta ƙarfe in ta lotsa tana miƙuwa.

Aikin miƙe ta ba na mai gaggawa ba ne. Mai gyaran jikin mota zai fara jiƙa notunan da baƙin mai, don tsatsa ta riga ta cinye su, in aka matsa musu sai su karye. Ya kwanto ragar, ya kifa ta a kan katako, ya riƙa bin sandunan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma, daga baya yake bugu don kada fuskar ta yi tabo. Yana yi yana ɗaga ta saitin ido, yana duba ko layin ya tafi daidai. Inda ta karye ya ɗan taɓa da wuta kaɗan, domin ƙarfen siriri ne, wuta na yin yawa ya ɓule. Sannan a miƙa wa yaron shago burushin waya da samfefa.

“Maigida, ta yi?”

“Saura lungunan. Koma.”

Gaskiyarsa, a lungun tsatsa ke ɓuya, in aka rufe ta da fenti damina ɗaya za ta kumburo shi.

Abin da ba na so shi ne mai lafta fenti har ramukan su tsuke. Kyau a ido, amma iska ta ragu, mota kuwa da lodi a zafin bazara iskar nan take nema. Gara shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe sosai. Wasu direbobin kan ƙara ragar waya mai ƙananan ido daga ciki saboda tsakuwa. Dabara ce mai kyau, sai dai lokacin sussuka ƙaiƙayi kan toshe ta, dole a riƙa kakkaɓe ta kafin a ɗau hanya.