Hoton Tsoho a Cikin Dawa

A wani ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa, arewa da birnin Kano, inda gona ke manne da gona har babu wurin da akuya za ta yi kiwo da damina, an yi wani manomi wanda ya ci jarrabawar ajin Yaƙi da Jahilci. Ya taɓa yi wa wani Bature aikin ɗaukar kaya, da Baturen zai koma gida a 1964 sai ya bar masa akwatin ɗaukar hoto mai ido biyu, ana kiransa Stereo Realist. Kamfanin David White na ƙasar Amurka ya fara sayar da irinsa a 1947.

Hikimar akwatin nan daga halittar mutum aka ɗauko ta. Tsakanin idon dama da na hagu akwai kamar inci biyu da rabi, kowane ido da abin da yake gani, shi ya sa mutum ke rarrabe na kusa da na nesa. Haka akwatin ke ɗaukar hoto biyu a bugu ɗaya. In aka jera su, aka duba ta cikin madubinsu, sai a ga itace ya fito tsaye kamar a taɓa shi. Da wannan dabara masu safiyo ke duba hotunan da jirgin sama ya ɗauka, su zana taswira.

Da kaka ta yi, manomin ya tsai da tsohonsa a cikin dawa, gindin ɗorawar da ke iyakar gandunsu, ya ɗauke shi. Ya kai fim ɗin wani shagon wankin hoto a Kano, ya biya, ya komo. Bayan kwana bakwai ya je karɓa, sai ya tarar da abin baƙin ciki. Kowace takarda hoto ɗaya da rabi ne a kanta, an kuma datsa fim ɗin gunduwa-gunduwa, almakashi ya bi ta tsakiyar fuskar tsoho.

Mai shago ya ce, "Malam, akwatinka ne ba ya ba da tazara daidai." Manomi ya ce, "A'a, Maigida, yaronka ne ya yi ganganci." Gardama ta ƙi ƙarewa. Da ya koma gida sai ya shimfiɗa guntayen a kan tabarma, ya shiga ƙirga 'yan kafofin da ke gefen fim, yana rubutawa.

Ga abin da lissafi ya nuna masa. Akwati mai ido ɗaya kafofi 8 yake ba kowane hoto, da wannan ma'auni yaron shago ya saba. Nasa kuwa kafofi 5 yake bayarwa, kuma hoton dama da na hagu ba sa maƙwabtaka, akwai waɗansu hotuna biyu a tsakaninsu. Ashe wanda ya yanka bisa 8 dole ya sari hoto. Amma ya ga nasa laifin kuma. Wurare biyu ya yi gaggawar murɗa fim, bai kai shi matsaya ba, hoto ya hau kan hoto. Mai shago ya faɗi gaskiya, shi ma ya faɗi gaskiya, rashin sani ne ya fi dare duhu.

Tsoho bai ga wata kakar ba, Allah ya yi masa rasuwa, aka raba gandu. Hoto guda na hagu ne kaɗai ya tsira, ba shi da ɗan'uwa, don haka ba a taɓa ganin tsoho tsaye cikin madubi ba.

Tun daga ran nan manomin ba ya kai fim sai ya ɗaura masa 'yar takarda da rubutun hannunsa: "A wanke, kada a yanka, a naɗo shi yadda yake." Shi da kansa yake yankawa, yana haɗa kowane hoto da ɗan'uwansa.

Wanda duk zai ba wani aikin da bai saba da shi ba, ko ɗinki ne ko gyaran keke, ya bayyana masa tun da fari, in ya iya rubutu ya rubuta. Rigakafi ya fi magani.