Inuwar Itace Da Abin Da Ke Ƙarƙashinta A Kafanchan

Duk wanda ya taso daga Kaduna ta hanyar Kachia a tsakiyar damina, kafin ya isa Kafanchan zai ga ƙasa ta sake kama. Ruwan sama a nan yakan sauka tun watan Afrilu har Oktoba, ya kuwa fi ninki biyu na Katsina. Garin da kansa jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar hanyoyin dogo a shekarar 1927.

Wani tsohon ma'aikacin reluwe ne ya gayyace ni ganin sabon gidansa a bakin gari. Mutumin ya zuba kuɗin sallamarsa a lambu. Ya tarar da mangwaro biyu da ɗorawa ɗaya a filin, ya ƙara turare da malaina a jikin katanga, da wani itace mai jan fure wanda asalinsa daga Madagaska yake. Sa'an nan ya sayo furanni masu tsada ya jera a gindinsu. Damina ɗaya suka yi. Na ƙarƙashin mangwaro suka yi tsawo, suka ƙi fure, suka ruɓe. Na gindin turare kuwa rani na shigowa suka bushe, don saiwarsa ba ta barin laima ga kowa.

Ya ce mini, "Malam, ƙasar ce ba ta da kyau." Ni dai ban yarda ba, gama na kwana biyu ina yawo a ƙauyukan gindin dutsen Kagoro.

A can, bayan kowane gida makaranta ne. Matan ba su dasa kome a wuri sai sun san irin inuwarsa. Gwaza, mai faffaɗan ganye, yana zaune lafiya a ƙarƙashin ayaba da kwakwar manja inda laima ba ta yankewa. Ɗorawa ganyenta ƙanana ne, rana tana ratsawa kamar ta rariya, saboda haka citta da gangamau suna yi a gefenta. Shuwaka da lalle da zogale kuwa ana kai su bakin shinge, wajen da rana ke dukansu sosai. Gindin mangwaro fa? Sharewa ake yi a ajiye turmi da kujera, ba a wahalar da kowane tsiro a wurin. Ban ga mai zanen lambu da ya fi su tsari ba, ko da yake su miya suke nema, ba ado ba.

Cittar nan ma tana da nata haɗari. Ita ce arzikin Jaba da Kachia da Kagarko, amma a 2023 wata cutar ruɓa ta cinye gonaki masu yawa. Mai son sa ta a lambu sai ya binciki inda irin ya fito, ya ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta, ya rufe ta da ganye kamar yadda manoma ke yi.

Da na koma na faɗa masa abin da na gani, sai ya yi shiru, ya daɗe yana duban turaren nan. Washegari da zan tafi kallon ruwan Matsirga, na bar shi yana ciniki da mai gatari, matarsa kuwa ta riga ta aika Kagoro a sayo mata irin gwaza.