A Bakin Iyakar Masar

A cikin kowane fom na neman biza akwai ɗan gurbi inda ake tambayar mutum ko yana da aure ko ba shi da shi. Cika shi ba ya ɗaukar rabin minti. Duk da haka na ga wannan gurbi ya hana wani gida a ikkilisiyarmu barci har mako uku, shi ya sa nake so mu yi tunani a kansa tare, 'yan'uwa.

Tafiya neman abinci ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mu mutanen kudancin Kano. Tun kafin Gwamna Audu Bako ya sa a gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, iyayenmu sun san ci-rani. A zuba hatsi a rumbu, maigida ya ɗauki ƙunshinsa, uwargida ta tsare gida, kafin ruwan shuka ya sauka ya dawo. Abin da ya sake a yau shi ne miji da mata duka suna riƙe da takardar malanta, tafiyar da suke nema ba ta rani ɗaya ba ce, kuma ba wanda yake so a bar shi a baya.

Haka ɗan yayata da matarsa suke. Dukansu Turanci suka karanta a kwalejin horon malamai a Kano, suna koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashinsu a haɗe ba ya kai su ashirin ga wata. Da suka fara neman aikin koyar da Turanci a waje, sai suka tarar ƙofofin ba su da faɗi kamar yadda ake ba da labari. Koriya ta Kudu tana ɗaukar malaman Turanci da yawa, amma bizar wannan aiki galibi ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki, ko da yake da Turanci muke karatu tun daga firamare. Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya hanyar neman shaidar koyarwa a 2023, amma masu lissafi da kimiyya da harsunan waje aka sa a gaba. Akwai kuma shirin TAC da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, mai aika malamai da likitoci zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, sai dai a can takardun mutum ake dubawa shi kaɗai, aurensa ba ya ba matarsa gurbi.

Ana cikin haka wani dillalin biza ya zo musu da abin da ya yi kama da amsar addu'a. Wata makaranta a Asiya tana son malamai biyu, amma masaukinta na marasa aure ne, ba ta kuma son ɗawainiyar iyali. Ya ce abin mai sauƙi ne. Takardun matar har yanzu sunan mahaifinta suke ɗauke da shi, ba su haihu ba tukuna, kowa ya cika fom nasa dabam ya ce ba shi da aure, in sun sauka can sa san yadda za su yi.

Yaron ya zo wurina da dare, ya zauna a ƙasa ya ce, "Kawu, ai ba saki zan yi ba. Allah ya san matata ce. Rubutu ne kawai."

Na buɗe masa Farawa sura 12, daga aya 10. Yunwa ce ta kori Abram zuwa Masar, yunwa ta gaske, tsoronsa kuma ba na banza ba ne. Da suka kusa shiga ƙasar, ya roƙi Saraya ta gabatar da kanta a matsayin 'yar'uwarsa. Ba ma ƙarya ce tsagwaronta ba, gama sura 20 ta nuna ubansu ɗaya. Dabarar kuma ta biya: ya sami tumaki da shanu da jakuna da raƙuma da barori. Wannan ne wurin da nake so mai karatu ya dakata, domin mun saba gaya wa yara cewa ƙarya ba ta da riba, alhali Nassi bai ɓoye ribar Abram ba. Garkensa ya ƙaru, amma ya kwana a alfarwarsa shi kaɗai, matarsa tana gidan Fir'auna. A duk labarin ba a rubuta kalma ɗaya da ta fito daga bakin Saraya ba. Ita ta biya kuɗin shigar, ba a kuwa ji ra'ayinta ba. Daga ƙarshe sarkin da bai san Ubangiji ba ne ya tsawata wa mutumin da aka yi wa alkawari, ya sa aka raka shi waje. Bai tsaya nan ba, ya maimaita a Gerar gaban Abimelek, ɗansa Ishaku ma ya yi haka da Rifkatu a sura 26. Abin da uba ya faɗa a bakin iyaka, ɗa ya gāda.

Na tambaye shi, "Ita me ta ce?" Ya yi shiru. Da aka kira ta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, in ya ce mu yi, zan yi. Amma in na kwanta asibiti a can, aka tambayi wane ne nawa, me zai ce musu?"

Tambayarta ta fi wa'azina nauyi. Abin da aka rubuta a fom ba ya ɓacewa, yana zaune a kwamfutar ofishin jakadanci tare da hoton yatsun mai shi. Ran da aka zo neman izinin zama na iyali, ko rajistar haihuwar jariri, sai takardar aure ta fito da kwanan wata da ya riga ranar da aka ce ba aure. Birtaniya takan hana wanda aka kama da yaudara shiga har shekara 10, a Amurka kuwa hanin yana iya zama na har abada. Dillali ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Kada a ji ni a karkace. Ban ce duk mijin da ya yi gaba ya bar matarsa na ɗan lokaci ya yi zunubi ba. 'Ya'yan Yakubu sun bar iyalansu sun gangara Masar sayen hatsi, iyayenmu ma sun yi ci-rani suna masu tsoron Allah. Nisa wahala ce da ma'aurata za su iya ɗauka da yardar juna. Musun aure kuwa wani abu ne dabam, domin abin da aka ɗaura a gaban Allah da taron jama'a, shi ne ake cewa babu a gaban wani jami'i saboda albashi.

Ma'auratan da nake so 'ya'yanmu su duba su ne Akila da Bilkisu, a Ayyukan Manzanni sura 18. Su ma dokar ƙasa ce ta tashe su, sa'ad da Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Suka sauka Koranti da sana'a ɗaya ta ɗinkin alfarwa, suka wuce Afisa tare da Bulus, a can suka zaunar da Afolos, mutum mai ilimi da iya magana, suka ƙara masa haske a kan tafarkin Allah. Su ma malamai ne ke nan. Sau shida Sabon Alkawari ya ambace su, ba kuwa inda aka kira ɗaya aka bar ɗaya.

Ɗan yayata ya mayar wa dillalin da amsa, kuɗin da ya riga ya ba shi kuwa bai dawo ba. Suka je suka yi rajistar aurensu a hukumance, abin da nake roƙon dattawan ikkilisiyoyinmu na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su riƙa tuna wa kowane ango da amarya tun ba a buƙace shi ba. Sun yi kusan shekara suna aika takardu, kowace da shaidar auren a haɗe. Da yawa ba a amsa ba.

Wadda ta amsa makarantar kuɗi ce a Maraɗi. Turanci yana ƙara samun kasuwa a Nijar, inda a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. A dā yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga mu zauna kwana 90 ba biza, amma Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka ba su dogara ga tsohon sabo ba, suka yi fasfo, suka bi layin takardun zama har suka samu. Albashin bai kai na Asiya ba ko kusa, ɗaki ɗaya suke haya, zafin Maraɗi kuma ya fi na bakin ruwan Tiga. Shi yana sakandare, ita tana firamare. Ran Lahadi da yamma 'yan mata huɗu daga ikkilisiyar da suke sujada sukan zo ƙofar ɗakin da littattafansu, ita ta koya musu karatu, shi ya duba rubutunsu.