Aikin Mai Haɗa Magani a Masana'anta

Duk sa'ad da na gaya wa mutanen garinmu cewa aikin kemis nake yi, sai su ɗauka kanti gare ni a bakin kasuwa, inda nake sayar da ƙwayoyi da maganin tari. Alhali kuwa ban taɓa miƙa wa majinyaci ko ƙwaya ɗaya ba. Aikina yana can cikin masana'anta, inda ake haɗa ainihin garin da ke cikin ƙwayar, watau abin da ke warkarwa. Masu bincike su ne ke gano magani, su haɗa ɗan abin da bai wuce cikin cokali ba. Mu kuwa sai a miƙo mana a ce mu nemo hanyar da za a yi shi buhu-buhu, da araha, ba tare da gobara ta tashi ba, kuma na yau ya zama daidai da na jiya.

Mai karatu zai ce, ai sai a riɓanya awo kawai. To, a tambayi uwargidan da ta saba tuƙa tuwon mutum biyar, ranar da aka ɗora mata tukunyar biki. Sinadarai da yawa in sun haɗu zafi suke fitarwa. In aka tashi daga kwalbar lita ɗaya zuwa tukunyar ƙarfe mai lita 1,000, abin da ke ciki ya ƙaru sau 1,000, amma jikin tukunyar, ta inda zafin zai fita, sau 100 kaɗai ya ƙaru. Saboda haka abin da aka juye cikin minti ɗaya a ɗakin gwaji, a masana'anta sai a yini ana ɗiga shi kaɗan-kaɗan, ido na kan ma'aunin zafi.

Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne baƙon da ba a gayyata ba. Babu haɗin da ke ba da abin da ake so tsantsa. Kullum akwai ɗan gurɓi da ke biyo baya. Farasitamol ɗin nan da ke kowane gida, daga wani sinadari mai cutar da ƙoda ake yin sa, kuma ƙa'idar Turai ba ta yarda saurarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan ba. Wannan mun san shi, muna nemansa, muna wanke shi. Wanda ba a san da shi ba fa? Na'ura ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Alal misali, cikin 2012 wani kamfani na ƙasar Sin ya sake hanyar da yake haɗa balsatan, maganin hawan jini, ya koma ga wani ruwan narkarwa dabam. Maganin ya ci gaba da cin jarrabawa, ana ta sayarwa a duniya. Sai cikin 2018 aka gane sabuwar hanyar tana haifar da NDMA, sinadarin da ake zargi da jawo ciwon daji, aka shiga janye maganin a Turai da Amurka. Shekara shida ke nan bayin Allah suna haɗiya kowace safiya. Mu ma a nan Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan ɗaci: cikin 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya gurɓata da wani ruwa mai guba irin na injin mota, yara 84 suka rasu.

Daɗin daɗawa, yawancin garin maganin da masana'antunmu ke dunƙulawa daga Indiya da Sin ake kawo shi, watau tukunyar tana can, mu kwano kawai ke iso mana. Shi ya sa in manaja ya zo da murna ya ce ya sami ruwan narkarwa mai rahusa, nakan ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci." Sai na zauna da takarda na lissafta duk abin da sabon ruwan zai iya zama in ya ji wuta, na dafa sau uku, na auna kowanne. Wannan yakan ci makonni, shi kuwa yana ta leƙowa yana duban kalanda.