Riga Ɗaya Ba Ta Shiga Kowa

Zuwa ga Edita,

Bara na rubuta 'yar manhaja ta lissafin makin yara, na ƙunshe ta da PyInstaller bisa Windows. Na aika wa wani malami mai Mac, ta ƙi buɗuwa, na sha kunya. Ashe kowace iri sai an yi ƙunshinta a kanta. Tilas na yi aron tasa.

Sa'an nan waɗansu suka tsorata ni, wai lasisin GPL ya hana sayarwa. Da na karanta da kaina, sai na tarar an keɓe: abin da ka ƙunsa naka ne, ka sayar in ka so. Sai in PyInstaller ɗin kansa ka sāke ka rarraba, sharaɗin zai hau kanka.

Naka,
Malamin Makaranta, Zariya.